Ciwon ɓarin kai, wato maigiren: tambayoyin da masu fama da shi suka fi yi

Masu wannan ciwon kusan tambayoyinsu iri ɗaya ne, shi ya sa aka tara su waje guda, daga na farko-farko har zuwa maganar magunguna. Karanta wannan ba zai ɗauke maka zuwa wajen likita ba, amma dai za ka shiga ka san me za ka faɗa masa. Wanda kansa ke masa wani irin ciwo yanzu haka da bai taɓa jin irinsa ba, ya fara zuwa tambaya ta 17 tukuna.

1. Wai shi maigiren ɗin nan ba ciwon kai ba ne kawai da ya yi tsanani?

A'a wallahi. Cuta ce ta ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, ciwon kan ɗaya ne kawai cikin abubuwan da take zuwa da su. Mai ita ƙwaƙwalwarsa tana da saurin harzuƙa, haske da ƙara da wari da ɗan canjin lokacin barci wanda wani ko lura ba zai yi ba shi sai ya taɓa shi, to lokaci-lokaci sai abin ya taso gaba ɗaya ya kwantar da shi, kai na sara, zuciya na tashi, ko ɗan hasken da ke shigowa ta ƙasan ƙofa ba ya son gani. Wani ma ciwon zai zo ya tafi kan bai yi ciwo ba, walƙiya kawai zai gani a ido ko jiri ya ɗebe shi.

Kuma mutanen da ke da shi suna da yawa sosai, sama da biliyan 1 a duniya, kusan mutum 1 cikin 7 ke nan. A babban ƙididdigar nauyin cututtuka ta duniya ta 2019 shi ne na biyu wajen hana mutane gudanar da rayuwarsu, ciwon baya ne kaɗai a gabansa, a wajen mata 'yan ƙasa da shekara 50 kuwa shi ne na ɗaya.

2. Ta yaya zan gane cewa nawa shi ne?

Ba a gane shi da gwajin jini ko hoto, da labarin da ka bayar ake gane shi. Likitoci suna bin ƙa'idar Ƙungiyar Ciwon Kai ta Duniya, bugu na uku da ya fito a 2018. Ana so ya kasance ya taɓa taso maka aƙalla sau 5, kowanne yana ɗaukar awa 4 zuwa 72 in ba a sha magani ba. Sai a samu biyu cikin waɗannan huɗun: gefe ɗaya yake kamawa, yana bugawa dam-dam tare da bugun zuciya, yana da ƙarfin da zai hana ka aiki, kuma motsi kamar hawa bene ko sunkuyawa yana ƙara shi. Sannan a haɗa da tashin zuciya ko amai, ko kuma ƙin haske da ƙara.

Ciwon kai na gajiya da kowa ke yi shi daban ne, yana ɗaure kai ne ta ko'ina, ba amai, kuma mutum yana iya ci gaba da harkarsa. In kai naka sai ka nemi ɗaki mai duhu ka rufe ido ka ce kowa ya yi shiru, to akwai alamar shi ne.

3. Nawa fa duk kan yake kamawa, wani lokaci ma daga wuya yake farawa. Shi ne ko ba shi ba ne?

Yana iya zama shi. Sunan ne yake ruɗa mutane, amma da yawa gefe biyu yake kama su, wani kuma yau dama gobe hagu. Ka sake duba tambaya ta 2, biyu ake nema cikin huɗu. Ciwon wuya kuwa yana cikin alamomin da suka fi yawa, mutane sukan ɗauka wuyan ne ya jawo ciwon kan alhali ciwon ne ya riga ya fara ta can.

4. Me ke faruwa a cikin kai ne har yake yin wannan azabar?

Shekara da shekaru an ɗauka jijiyoyin jini ne suke kumbura su jawo ciwon, saboda yadda yake bugawa. Yanzu an gane daga ƙwaƙwalwar kanta abin yake tasowa. Ita ƙwaƙwalwa ba ta jin zafi, amma mayafin da ya lulluɓe ta da jijiyoyin jinin da ke jikinsa suna ji, kuma mai kai saƙon zafinsu wata babbar jijiya ce da ake ce wa tirijeminal, ita ce dai mai kula da ji a fuska da goshi da kewayen ido. Idan ciwon ya taso, bakin wannan jijiyar yana sakin wasu sinadarai, wanda ya fi shahara shi ne CGRP, sai wajen ya ƙara jin zafi, ɗan bugun jinin da kullum yana nan ba ka jin sa sai ya koma maka guduma a cikin kai.

In aka bar shi ya daɗe, sai cibiyoyin zafi na can ciki su ma su harzuƙa, a nan ne za ki ji ko tsefe gashi ba kya iya yi, tabarau ya yi nauyi a hanci, ɗora kai a kan filo ma ciwo. Wannan ne dalilin da ya sa ake ta nanata shan magani da wuri a tambaya ta 10, domin in aka kai wannan matakin maganin ba ya kamawa sosai. Masana huɗu da suka yi aikin gano wannan hanyar, Lars Edvinsson da Peter Goadsby da Michael Moskowitz da Jes Olesen, an ba su babbar kyautar binciken ƙwaƙwalwa ta ƙasar Denmak a 2021.

5. Kafin kan ya fara nakan ga wani haske yana walƙiya yana karkacewa, rabin abu ya ɓace min. Idona ne ya samu matsala?

Yawanci ba idon ba ne, sashen gani na ƙwaƙwalwa ne da ke can ƙeya. Likitoci na ce masa ora, kuma kusan 1 cikin 3 na masu maigiren suna samun sa. Yakan fara da ɗan ɗigo kusa da tsakiyar gani, kana karatu sai ka ga harafi ɗaya ko biyu sun ɓace a tsakiyar kalma, ka murza ido ba su dawo ba, a hankali ɗigon ya buɗe ya zama baka mai haƙora-haƙora tana ƙyalli tana matsawa gefe har ta fice. Ka rufe ido ɗaya ka gwada, ka rufe ɗayan, za ka ga yana nan duka biyun, ko ka rufe su gaba ɗaya ma kana ganin sa. Yana ɗaukar minti 5 zuwa 60, sai ciwon kan ya biyo baya, wani lokaci kuma ba ya biyowa.

Abin da ke jawo shi wata igiyar lantarki ce da ke rarrafe a saman ƙwaƙwalwa, kamar milimita 3 a minti ɗaya, duk inda ta bi sai ƙwayoyin wajen su kunnu sannan su yi shiru na ɗan lokaci. Wani masani ɗan Birazil, Aristides Leão, shi ya fara bayyana ta a 1944. In ta bi ta sashen ji sai ka ji tsikari yana hawa daga yatsu zuwa hannu zuwa leɓe da harshe, in ta taɓa sashen magana sai kalmomi su cakuɗe maka.

Gaskiya karon farko yana da ban tsoro, kuma karon farko ɗin asibiti ake zuwa, kar a zauna a gida ana cewa ai ora ce. Duba tambaya ta 18 kan bambancinsa da shanyewar ɓarin jiki. In kuma yana zuwa maka kana tuƙi, ka gangara gefe ka tsaya har ya wuce.

6. Me ya sa tun kwana ɗaya kafin ya zo nake ta hamma da jin haushin kowa, bayan ya tafi kuma jikina ya mutu?

Duk cikin ciwon ne. Yana da matakai: na share fage, sai ora ga mai yi, sai ciwon kan, sai na bayansa. A na farkon, awoyi ko kwana ɗaya zuwa biyu kafin kan ya fara, mutum yakan yi ta hamma ba barci yake ji ba, yawan fitsari, wuya ya sandare, kwaɗayin zaƙi, fushi ba dalili. Hotunan ƙwaƙwalwa sun nuna sashen da ke kula da yunwa da ƙishi da barci ya riga ya fara aiki daban tun a lokacin. Wanda ya koyi gane nasa alamomin ya ci riba, domin zai ajiye magani kusa da shi ya rage hidima. Na bayan kuwa kasala ce da nauyin kai da rashin iya tara hankali, takan kai kwana ɗaya ko biyu, ba lalaci ba ne.

7. Gado ne? Kuma me ya sa mata suka fi yin sa?

Gado yana da hannu sosai, in ka bincika za ka samu uwa ko uba ko wata gwaggo mai yawan ɗaure kai ta kwanta a ɗaki. Amma ba ƙwayar halitta ɗaya ba ce, wani babban bincike da aka wallafa a 2022 ya gano wurare 123 a cikin ƙwayoyin gado da ke da alaƙa da shi, kowanne da ɗan abin da yake ƙarawa. Shi ya sa a gida ɗaya wani ya samu wani bai samu ba.

Kafin balaga yara maza da mata kusan daidai suke, bayan balaga sai mata su ninka maza kamar sau 3, saboda hawa da saukar sinadarin jikin mata da ake ce wa estirojin. Bayaninsa yana tambaya ta 14. Maza ma suna yi fa, kawai dai sun fi ƙin zuwa asibiti a kansa.

8. Me ke tayar da shi? An ce in daina cin wannan in daina cin wancan har na rasa me zan ci.

Haba 'yar uwa, kar ki azabtar da kanki. Waɗanda suka fi tayar da shi ga yawancin mutane ba ma abinci ba ne: ƙarancin barci ko barcin da ya wuce ƙa'ida, tsallake abinci, rashin shan ruwa, damuwa, jinin al'ada, hasken rana mai ƙarfi, turare mai hawa kai, canjin yanayi, giya. Akwai kuma wani abu da mutane ke mamaki, ba lokacin da ake cikin matsin aiki yake zuwa ba, sai ranar da aka samu hutu, mutum ya yi ta jira ya huta sai ya wayi gari da ciwo. Mai shan kofi kullum in ya tsallake shi rana ɗaya shi ma yakan ji a kansa.

Sannan abu ɗaya shi kaɗai ba kasafai yake tayar da shi ba, taruwa suke yi, jiya ba ki yi barci ba, yau ba ki karya ba, ga al'ada ta kusa, sai turaren wani ya ƙarasa, shi kuma turaren sai ya ɗauki laifin duka. Haka maganar cakulan, sau da yawa kwaɗayin nan na tambaya ta 6 ne ya sa aka ci, ciwon ya riga ya kamo hanya. Ni a ganina wanda ya tsare lokacin barcinsa da na cin abincinsa da shan ruwa, ya riƙa ɗan motsa jiki a kai a kai, ya fi wanda ya haramta wa kansa abinci kala goma samun sauƙi. Kuma ko kin kiyaye komai wata rana zai zo, wannan ba laifinki ba ne.

9. Likita ya ce in riƙa rubutawa. Me zan rubuta?

Kalanda ta isa, ko a waya. Duk ranar da kai ya yi ciwo ka yi alama, har da ƙaramin da ba ka ɗauke shi komai ba, ka sa ƙarfinsa daga 1 zuwa 10, maganin da ka sha da ko ya yi aiki, mace ta sa ranakun al'ada. Wata 2 zuwa 3 sun isa a ga yadda yake tafiya. Da wannan takardar ake sanin ko kana buƙatar rigakafi, da ita ake kama matsalar tambaya ta 11, in ba ita ba kuwa kowa mantawa yake yi, ka ce sau biyu a wata ashe sau tara ne.

10. In ya taso me zan sha?

Babban sirrin shi ne da wuri kuma cikakken awo, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mutane da yawa sai su daure su ce bari in ga ko zai tafi da kansa, sai bayan awa biyar su sha rabin ƙwaya, a lokacin kuwa ciki ya riga ya tsaya, domin maigiren yana rage tafiyar ciki, maganin sai ya zauna bai shiga jini ba ko a amayar da shi. Ga babban mutum wanda ba shi da wata matsala, abin da aka saba farawa da shi shi ne ibuprofen miligiram 400, ko asfirin 900, ko parasitamol 1000. Mai olsa ko ciwon ƙoda ko mai shan maganin tsinka jini ya nisanci ibuprofen da asfirin sai likita ya ce. Likita kan haɗa da maganin amai irin su metoclopramide, yana kwantar da zuciya kuma yana taimaka wa ɗayan ya shiga jiki.

In waɗannan ba sa yi, akwai dangin triptan, waɗanda don maigiren aka yi su. Na farkonsu sumatriptan ya fito a farkon shekarun 1990, yanzu sun kai 7, akwai ƙwaya akwai na fesawa a hanci akwai allura. Ana sha ne da zarar kan ya fara, ba lokacin ora ba. Wani yakan ji ɗumi ko nauyi a ƙirji da wuya na ɗan lokaci. Ba a ba mai ciwon zuciya, ko wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, ko mai hawan jinin da ba a daidaita ba. In ɗaya bai karɓe ka ba a gwada wani, ba duka suke aiki iri ɗaya a jikin kowa ba.

Tiramol da kodin da danginsu kuwa don Allah a bar su. Ba sa yin maganin maigiren yadda ya kamata, suna ƙara amai, suna kama jiki, kuma suna cikin waɗanda suka fi saurin mayar da ciwon na kullum. Bayan magani sai ɗaki mai duhu, tsumma mai sanyi a goshi, ruwa kaɗan-kaɗan, in barci ya samu shi ke nan.

11. Kusan kullum sai na sha maganin ciwon kai amma ƙaruwa yake yi. Me ke faruwa?

Wannan tambayar ita ce ta fi ci min rai, domin mutum yana neman sauƙi ne ashe maganin ne ke riƙe masa ciwon. Ƙwaƙwalwar mai maigiren in tana samun maganin zafi a kai a kai sai ta saba, da ya fita daga jini kan ya dawo, a sake sha, a haka har a wayi gari kullum da ciwo ake tashi. Iyakar da aka sa ita ce: parasitamol ko ibuprofen ko asfirin kwana 15 ko fiye a wata, triptan ko kodin ko ƙwayoyin da aka gauraya da kafeyin (sinadarin da ke cikin kofi) kwana 10 ko fiye, in aka yi sama da wata 3 a haka. Kwanaki ake ƙirgawa, ba yawan ƙwaya ba. Hanya mai sauƙin tunawa ita ce kar a wuce kwana 2 a mako.

Mafita ita ce a daina, tare da likita, yawanci a fara rigakafi a lokaci guda. Makon farko zuwa na biyu akwai wuya, kan zai ƙara tsanani kafin ya sauka, gara ka sani tun yanzu don kar ka karaya a tsakiya. Mai shan kodin ko tiramol shi ba ya yankewa lokaci ɗaya, a hankali ake rage masa.

12. Yaushe ake fara maganin rigakafi, kuma wanne ne?

In yana kwantar da kai kamar kwana 4 ko fiye a wata, ko yana zuwa jefi-jefi amma in ya zo sai ya rusa maka komai, ko maganin tambaya ta 10 ba ya yi, to lokaci ya yi. Wanda kansa ke ciwo kwana 15 ko fiye a wata sama da wata 3, aƙalla 8 daga ciki irin na maigiren, shi an ce nasa ya zama mai naci, kuma shi kam bai kamata ya zauna ba rigakafi ba.

Kar ka yi mamaki in ka duba takardar cikin kwali ka ga an rubuta wata cuta daban. Propranolol da candesartan na hawan jini ne, amitriptyline na ciwon damuwa ne, topiramate da valproate na farfaɗiya ne, an gano ne suna kwantar da maigiren, ba wai likita yana zargin kana da waɗancan ba. Kowanne da halinsa, propranolol ba a ba mai asma, amitriptyline da dare ake sha saboda barci kuma yana busar da baki, topiramate yana sa tsikari a yatsu da rama da ɓacewar kalma a baki. Da ƙaramin awo ake farawa a riƙa ƙarawa, kuma sai an ba shi mako 8 zuwa 12 kafin a ce bai yi ba, a nan ne mutane suka fi yin kuskure, mako biyu su ajiye. Abin da ake nema shi ne ranakun ciwo su ragu da rabi. Wasu kuma suna samun sauƙi da magnesiyam ko bitamin B2 miligiram 400 a rana, shi B2 yana sa fitsari ya yi rawaya sosai, ba komai ba ne.

13. Na ji an ce akwai sabbin allurai. Gaskiya ne?

Gaskiya ne. Su ne na farko da aka ƙera musamman don rigakafin maigiren, suna tare wannan CGRP ɗin na tambaya ta 4. Erenumab aka fara amincewa da shi a Amurka a 2018, sai fremanezumab da galcanezumab a shekarar, sai eptinezumab a 2020, yawanci allura ce sau ɗaya a wata ko a wata uku. Akwai kuma na ƙwaya, ubrogepant da rimegepant da atogepant. Ga mai naci akwai allurar Botox da aka amince da ita a 2010, ana yin ta a wurare 31 a kai da wuya duk mako 12. Suna da tsada kuma ba ko'ina ake samu ba, shi ya sa yawanci sai tsofaffin sun gaza ake kaiwa gare su, kuma tsofaffin nan suna yi wa mutane da yawa aiki in an bi su da haƙuri.

14. Nawa da al'ada yake zuwa. Ya batun juna biyu da ƙwayar tazarar haihuwa?

Faɗuwar estirojin dab da al'ada ce ke tayar da shi, daga kwana 2 kafin jini zuwa kwana na 3 da farawa, kuma na wannan lokacin ya fi daɗewa ya fi taurin kai. In al'adarki tana zuwa a kan lokaci likita zai iya tsara miki maganin 'yan kwanaki da za ki fara kafin ranar. Da juna biyu mata da yawa suna samun sauƙi, musamman bayan wata ukun farko, sai ya dawo bayan haihuwa. Dab da ɗaukewar al'ada yakan rikice, bayan ta ɗauke kuma yakan lafa.

Abu biyu nake roƙon ki riƙe. Na ɗaya, in kina ganin ora, ƙwayar tazarar haihuwa mai estirojin ba taki ba ce, tana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki, balle a haɗa da taba, akwai wasu hanyoyin da ba su da estirojin, ki faɗa wa mai ba ki cewa kina ganin walƙiya ko da bai tambaya ba. Na biyu, valproate da topiramate da candesartan suna cutar da ɗan tayi, in kina shan ɗaya kuma kina neman haihuwa ki je a canza tun kafin cikin ya shiga. Mai ciki parasitamol ne nata na farko, saura sai da izinin likita.

15. Yarona ɗan shekara 8 yana yawan cewa kansa na ciwo har da amai. Yara ma suna yi?

Suna yi. Nasu ya fi gajarta, yana iya zama awa 2 kawai, yawanci a goshi gefe biyu, za ki ga yaro ya yi fari fat ya bar wasa ya nemi waje ya kwanta, ya yi amai, ya yi barci ya tashi garau, shi ya sa ake cewa ƙarya yake don kar ya je makaranta. Wasu ma ciwon ciki ne yake zuwa musu a kai a kai a kewayen cibiya ba ciwon kai. A kai shi a duba, kuma kar a ba yaro ɗan ƙasa da shekara 16 asfirin.

16. Ba sai an yi min hoton ƙwaƙwalwa ba? Ko hawan jini ne, ko ido, ko sanyin hanci?

In labarinka ya dace da tambaya ta 2, ka daɗe da shi bai canza ba, likita ya gwada jijiyoyinka lafiya, to hoton MRI ko CT ba zai ƙara komai ba, maigiren ba ya fitowa a ciki. Ana yin hoto ne in akwai ɗaya daga alamomin tambaya ta 17. Hawan jini shi yawanci shiru yake, sai ya hau sosai yake sa ciwon kai, kuma zafin ciwon kansa yana ɗaga awon, don haka a auna ranar da kake lafiya. Maigiren yana iya sa toshewar hanci da hawaye da nauyi a fuska, mafi yawan masu cewa sainos, wato sanyin hanci, ne ke damun su in an bincika shi ne. Gwajin ido yana da kyau, amma tabarau ba ya maganin sa.

17. Wane irin ciwon kai ne ba a jira da shi?

Wanda ya faɗo lokaci ɗaya ya kai ƙarshen tsananinsa cikin minti ɗaya. Wanda ya zo da zazzaɓi da sandarewar wuya, domin sanƙarau haka yake. Wanda ya zo da mutuwar hannu ko ƙafa, karkacewar baki, ruɗewa, suma, jijjiga, ko gani biyu-biyu. Wanda ya biyo bayan buguwa a kai. Sabon ciwon kai ga wanda ya wuce shekara 50, ko mai ciwon daji, ko mai raunin garkuwar jiki. Wanda kullum ƙaruwa yake, ko tari da yunƙuri da kwanciya suke tayar da shi. Mai ciki ko mai jego da sabon ciwon kai, musamman da kumburi ko dishi-dishin gani. Duk waɗannan asibiti ne nan take ko da kana da maigiren tun da can, domin mai maigiren ma wata cutar tana iya samun sa. Haka in naka na kullum ya wuce awa 72 bai sauka ba, ko amai ya hana ka riƙe ruwa.

18. Zai iya jawo min shanyewar ɓarin jiki ko ya lalata min ƙwaƙwalwa?

Mai ora haɗarinsa ya kai kusan ninki biyu na wanda ba ya yi, amma asalin haɗarin ga matashi ƙarami ne ƙwarai, ninki biyun ma ƙarami ne. Abin da ke hannunka shi ne barin taba, kula da hawan jini da suga, da maganar ƙwayar nan ta tambaya ta 14. Ita ora a hankali take rarrafowa cikin mintuna, tana ƙaro abu kamar walƙiya ko tsikari, alama ɗaya na bin ɗaya, sannan ta wuce. Shanyewar jiki kuwa farat ɗaya take zuwa, kuma ɗauke abu take yi, ƙarfi ko magana ko gani. In ka yi shakka, ko orar ta wuce awa ɗaya, tafi asibiti kawai.

19. Mutanen gida da na wajen aiki gani suke raki ne. Ya zan yi da su?

Wannan yana da ciwo, wani lokaci har ya fi na kan, saboda ba rauni ake gani ba kuma jiya an gan ka kana dariya. Ka zaɓi ranar da kake lafiya ka yi musu bayani, ka nuna musu kalandar tambaya ta 9, in da hali mutum ɗaya ya raka ka wajen likita ya ji da kunnensa. Ka faɗi abin da kake so a fili: a rage haske, a janye yara, kar a fesa turare a ɗakin, a bar ka ka sha magani ka kwanta awa ɗaya. A wajen aiki takardar likita tana taimakawa, da ƙananan gyare-gyare kamar rage hasken kwamfuta da matsawa daga ƙarƙashin fitila mai ƙyaftawa. Ku kuma masu zama da mai ciwon, in ya ce ya fara jin alamar, ku miƙo masa magani da ruwa a lokacin, kar ku ce ya ɗan daure tukuna.

20. Ana warkewa kuwa? Har abada zan yi ta shan rigakafi?

Babu maganin da ke cire shi gaba ɗaya, duk wanda ya ce maka yana da shi ka yi hattara da shi. Amma yana canzawa da shekaru, ya fi zafi daga samartaka zuwa wajen shekara 40 da wani abu, daga nan ga mutane da yawa sai ya yi ta raguwa, wasu ora kaɗai take rage musu. Mai naci ma yana iya komawa na jefi-jefi in an gyara abubuwan da ke riƙe shi, wato yawan shan maganin zafi, ƙiba, minsharin da ke yanke numfashi cikin barci, da ciwon damuwa da ba a kula da shi ba. Rigakafin kuma ba na har abada ba ne, in an samu wata 6 zuwa 12 ana lafiya likita yakan gwada ragewa a hankali ya gani, in ciwon ya dawo a koma. Propranolol dai musamman ba a yanke shi lokaci ɗaya, don haka ko ka ji garau ka koma wajen wanda ya rubuta maka shi ya tsara maka yadda za ka sauka.